Duna Ya Ji Muryarka

Assalamu alaikum Yaya Salisu,

Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Legas? Ya jikin Anti Rabi, ya yara? Mu nan unguwar Maamobi lafiya lau, sai dai karenka Duna ya hana ni sukuni.

Tun da ka tafi yake tsinke igiya. Shekaranjiya ya bi mai koko har unguwar Kawukudi, ya dawo ya sa baki a butar Alhaji mai gidanmu. Alhaji ya ce, "Habiba, ko karen nan ya natsu, ko ya bar mini gida." Na gwada bulala, na gwada ƙashi, ko kallona ba ya yi.

Jiya muna sauraron kaset ɗin da ka aiko, yana jin muryarka ya daina haushi, ya zo ya kwanta jikin rediyo. Da kaset ya ƙare, sai ya tashi yana nemanka bayan ƙofa.

Don Allah ka aiko wani da sauri, ka yi masa faɗa a ciki yadda ka saba. Maganarka kaɗai yake ji.

Ka gaida kowa, ka taya mu addu'a Alhaji ya ƙara haƙuri kafin kaset ɗin ya iso.

Ƙanwarka,
Habiba