Jan Fenti a Bangon Ɗakin Matata

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin awon filaye,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ina neman a yi haƙuri da ni, don na zo ofis har na gaji da zama a benci, shi ya sa na fito da maganar fili.

Ni baƙo ne a Gadarif, ko da yake furfura a nan ta same ni. Daga ƙasar Haɗeja na taso da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare, na tsaya yankan dawa a mashru, wato manyan gonakin yankin Doka. Da gumin lauje na sayi fili a ƙarshen unguwarmu, bakin kor, wato kwarin da ruwan damina ke kwanciya.

Na farko. Da rani muhandis ɗinku, wato mai awo, ya zo da na'ura, ƙasa ta bushe ta tsattsage har ƙafa na faɗawa. Ya duba ciyawa, ya haƙa rami ya murza ƙasar a hannu, ya kafa turakun ƙarfe can bayan dangata. Ya ce daga nan zuwa kor fadama ce, ba a gini, daga nan zuwa gida kuwa nawa ne. Na gode masa, mutum ne mai ladabi. A kan maganarsa na gina wa matata Hajara ɗakin bulo, domin ƙirjinta ba ya jure raɓar bukka.

Na biyu. Ƙarshen damina ina Doka, wani muhandis ɗin daban ya zo. Ya tarar da turke ɗaya kusa da bangon ɗakin, ya ɗaura igiyarsa daga nan, ya shafa jan fenti da ya raba ɗakin biyu. Aka gaya wa Hajara rabin da gadonta yake ciki na rushewa ne.

Na uku, kuma nan ne kaina ya ɗaure. Da na dawo na bincika, ashe maƙwabcina Malam Adamu mai karusar ruwa ne ya cire turken. Kun san baƙar ƙasar nan, ba ta riƙe turken ice in ta jiƙe, ga na ƙarfe kuma a banza. Ya ɗaure jakinsa da shi. Duk sanda laka ta kai ƙafar jakin sai ya matso da turken tudu, haka kowa ke yi a nan, har ya zo jikin bangona. Bai ɓoye mini ba, shi wallahi bai ma san abin hukuma ba ne.

Da farko na yi murna, na ce kuskure ne, za a gyara. Sai na zauna na yi tunani. In laka ce ta yi ta koro jakin, ai ke nan ruwa ya iso inda fentin yake. Na duba gindin bangon, akwai damshi, ba zan yi ƙarya ba. To amma bana ruwa ya yi yawa, tsofaffin unguwa sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. A garinmu kachala, wakilin sarki, ke nuna wa mutum bakin fadama, a nan kuwa ƙasa ɗaya ce da rani kamar dutse, da damina kamar kunu. Iyakar fadama ta rani ce ko ta damina? Ta shekarar fari ko ta shekarar ambaliya? Na tambaya a ofis, wannan ya ce awon farko ne daidai, wancan ya ce na ƙarshe ke shafe na baya.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, a turo muhandisan nan biyu tare, su tsaya a tsakar gidana su nuna mini layi ɗaya. Kada a taɓa Malam Adamu, jakin nan shi ne abincin 'ya'yansa. In gaskiyar tana wajen fentin, zan rushe da hannuna, amma a faɗa mini tun hadari bai haɗu ba, in san inda zan kwantar da marar lafiya. Ba ni da dangin da zan kai ta wurinsu a ƙasar nan.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama aiki ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba.

Wassalamu alaikum.

Mai gidan ƙarshe a bakin kor,
Gadarif.