Ka Bar Fitilar Baba a Gida

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ladi da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a nan garin Largo, ina ta jan tasi.

Ka ce kamfanin manjan da kake wa aiki ya rufe ramin ruwan dattinsa saboda wari, yanzu ya toshe, kuma kai za ka shiga ka yashe shi, tunda haƙar rijiya muka gada. Na san ka. Za ka fara zura fitila kamar yadda Baba ya koya mana, in ba ta mutu ba ka sauka.

Na je laburare na karanta. Ruwan nan in ya ruɓe, iskar methane yake fitarwa, irin gas ɗin girki. A rijiya fitila mutuwa take yi. A ramin nan tashi za ta yi da kai.

Na tambayi wani injiniya da na kai garin Gaithersburg a tasi, sai ya hau yi mini bayanin ɗumamar duniya. Na ce, "Malam, duniya ta jira, yayana nake tambaya." Ya ce kada wuta ta kusanci wurin, kada ma mutum ya shiga.

Ka ce wa manaja ya kawo injin zuƙa. In ya ce ba komai, ya riga ka sauka.

A gaishe da Inna, ta sa ni a addu'a. Fitilar nan kuma ka bar ta a gida.

Ƙanenka,
Nura