Imran Yana Sansani

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na kare digirina yau a gaban malamai, viva ke nan. An ce na ci. Na dawo Setapak, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, da murna, ban ko cire takalmi ba Abdulwahidu na bene na tara ya shigo da mutum biyu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya haƙurin Imran? Mun jira ka gama viva ne."

Ƙanena. Soja. Tun watan jiya aka yi musu kwanton ɓauna a daji. Abdulwahidu ya zaci an riga an gaya min a waya. Kowa ya sani ban da ni. Hureira ma ta sani, matata da muke kwana ɗaki ɗaya.

Talata, 8 ga Oktoba

Gwaggo ce ta hana a faɗa, wai kar karatuna ya lalace. Uwar da ta haife mu. Duk sanda na tambaye ta shi sai ta ce, "Yana daji, babu sabis." Kuma muryarta ko rawa ba ta yi.

Ta kira da azahar. Na kife wayar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Falo cike da 'yan gaisuwa. An shimfiɗa tabarma, matan sun kawo shinkafa da wake, wani ya yo tapau, wato ƙunshin abinci, daga shagon mamak. Ina cewa "da godiya" kamar wanda aka ɗana. Na duba cikina ko zan ji wani abu, ban samu ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Sun watse. Na kunna wasan.

Imran ne ya sa na saye shi, hutunsa na bara da muke hira ta bidiyo. Wasan yaƙi ne. Kana riƙe da soja ɗaya kana harbi, in ka danna wani maɓalli sai ka koma sama kana kallon fagen duka, ka tura wannan rukuni hagu, ka ce tanka ta tsaya bayan gini, sannan ka sauko ka ci gaba da harbinka. Kai kake raɗa wa sojojinka suna. Wanda ya mutu kuma ya mutu, wasan ba ya dawo da shi.

Mai babbar bindigar na sa masa Imran, don tsokana. Na nuna masa ya yi ta dariya, ya ce, "Yaya, ka rage masa tumbi." In ya ga yadda nake tura mutane kuwa, sai ya ce da gaske ne da tuni na ƙarar da bataliya.

Ashe duk makonnin nan da nake hutawa da wasan bayan karatu, ina ba shi umarni yana cewa "to", shi yana cikin ƙasa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Matakin gada. Na bar Imran a sansani, na fita da sauran. An kashe mu.

Talata, 15 ga Oktoba

Gada. An kashe mu.

Ruwa tun la'asar. Gwaggo ta kira, ta sake kira.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ya kamata in kai gyaran kundina da aka ba ni jami'a, a Jalan Semarak. Na shiga jirgin ƙasa na LRT, na wuce tashata ina kallo, na dawo gida.

Gadar ba ta ciwuwa sai da babbar bindiga, na sani. Akwai motar sulke a ɗaya ƙarshen, ƙananan bindigogi ba sa yi mata komai. Na gwada zagayawa ta kogi, na gwada hayaƙi, na tura tanka gaba ta ƙone. Na rasa sojoji da yawa, har wanda na sa wa sunan Abdulwahidu, kuma ban ji tausayinsa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Hureira ta gaji da shiruna. Ta tsaya bayan kujera da kwandon wanki tana kallon talabijin.

"Me ya sa ba ka fita da Imran?"

Na ce ba ruwanta.

"Ka ɓoye shi a camp don kar wani abu ya same shi. To Gwaggo ma abin da ta yi ke nan. Kai kaɗai ka rage mata, Sharfaddeen."

Na ce ni ba wasa ba ne. Ta ce ta sani. Ta ce kuma mutanen Setapak duk sun yi min gaisuwa, har mai kedai, kantin nan na ƙasa, ni kuwa har yau ban yi wa uwar mamacin ba. Ta tafi shanya.

Na ji haushi. Rabon da in ji ko haushin ma an kwana biyu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban kunna ba. Gwaggo ba ta kira ba jiya, ba ta kira ba yau. Ba wai ina dubawa ba ne.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na fita da shi. Na sa mutum biyu suna kare shi, na ajiye shi bayan buhunan yashi, na koma sama ina kallonsa ɗan ƙarami. Ya fasa motar. Mun haye. Da rai ya haye, da tumbinsa. Wasan ya buɗe mataki na gaba, na kashe talabijin.

Wayar tana kusa ne kawai. A gida an idar da asuba, na san Gwaggo tana kan sallaya. Na kira.

Ta ɗauka. Ina jin zakaran maƙwabta. Na shirya maganganu da yawa tun ranar viva, masu zafi, na jera su. Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya." Sai muryar ta karye, wadda ta riƙe min wata guda. Ta ce duk ranar da ta ce min yana daji, sai ta shiga bayi ta toshe baki da mayafi.

Mun daɗe a layi. Hureira ta shigo ta ajiye min tawul a gwiwa ta fita, ban san dalili ba.

Gobe zan kai gyaran. Na ce wa Gwaggo zan kira in na dawo.