Zobban da Ke Kewaye da Fitila

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, aiki na tafiya. Kin san halina, duk abin da na gani sai na mayar da shi ado a kan hula, ko ɓawon albasa ne ko tsagar bango. Watan jiya na ɗinka wata mai zobba, ja a ciki, rawaya a waje. Mai shagon da nake wa ɗinki ta yi ta juya ta a hannu, ta ce, "Ke kuma ina kika samo wannan?" Na ce a hanya. Yanzu guda arba'in ake so.

Yaya, ban faɗa mata duka ba. Zobban nan su nake gani kewaye da kowace fitila, har ta jikin keken ɗinkina. Na tambayi abokiyar aikina, ta ce ita ba ta ganin komai. Jiya sau bakwai zare yana kuskure mini kafar allura.

Wataƙila gajiya ce kawai. Amma ke kika yi jinyar Baba, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kafin idonsa ya rufe, ya taɓa cewa yana ganin zobba? Wata nawa abin ya ɗauka?

Kada Inna ta ji. Ranar Litinin zan ga likita. Ki sa ni a addu'a, kuma ki ba ni amsa kafin ranar.

Ƙanwarki,
Auta