Inna Tana Jiran Auta

Katsina, 4 ga Maris, 2001

Zuwa ga Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna, da maigidanki Malam Badaru da yara.

Ni dai lafiyata lau, sai zafi. Bazara ta fara leƙowa, ɗakin kwananmu na makaranta kamar tanda, ga wuta ba ta zama. Jiya na buɗe littafi tun azahar har la'asar, ban wuce shafin farko ba. Ban san abin da ke damuna ba, Yaya. Da safe in tashi da nishaɗi, kafin rana ta take sai in ji kamar in yi kuka, alhali ba wanda ya taɓa ni. Wata mai tallar mangwaro ta gifta, ƙamshin kawai ya mai da ni Baure: mu a gindin darbejiya, Inna tana yi mana fifita da faifai, tana faɗa wai mun sha ɗanye. Ruwan randarta ma nake marmari. Nan sai na famfo, mai ɗumi kamar an dafa.

Har yanzu 'yan mata na gaɗa a dandali, ko Shari'a ta kore su? Kuma me ya sa Inna ba ta aiko min da ƙuli-ƙuli ba wannan karon?

Ku huta lafiya.
Ƙaninki, Auta.

Baure, 15 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun Kalilu direba. Kowa lafiya. Dandali an daina, ka bar zancensa ka kama karatu. Zafi ai ba a kanka aka fara ba.

Na dawo gida da yara ina kwana wurin Inna, Malam ya yarje min. Kada ka zo sai kun gama jarrabawa.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarka, Murjanatu.

Katsina, 22 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Me kike ɓoye min? Na tsare Kalilu a tasha, ya yi ta kauce-kauce, daga baya ya ce an tsinci Inna a kan hanyar Daura da tsakar rana, ba mayafi. Innar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa? Tun da na ji ban iya cin abinci ba. Don girman Allah ki faɗa min gaskiya, ni ba yaro ba ne.

Ina gaida kowa.
Auta.

Baure, 29 ga Maris

Ƙanina,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri, na so ka gama jarrabawa hankalinka kwance ne.

Tun bayan ƙaramar Salla Inna ta fara mantuwa. Da farko gishiri ne a miya, yanzu ni kaina kirana take da sunan ƙanwarta Barakatu da ta rasu. Mun kai ta asibiti a Daura, likita ya ce ba maganin da zai dawo da abin da ya tafi, sai dai kulawa. Rubutu ma tana sha.

Kai kaɗai take tambaya. Amma ba kai na yanzu ba. Cewa take, "Auta ya tafi firamare ba takalmi, ƙasa ta yi zafi." Shi ta fita nema rannan. In za ka zo ka zo, amma ka daure zuciyarka.

Allah ya ba mu ikon cinye wannan jarrabawa.
Yayarka.

Katsina, 9 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Na iso lafiya. Ki gafarce ni da na fito ban yi miki sallama ba, na kasa ne.

Lokacin da kika shiga madafa, na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ni ne Auta." Ta dube ni da kyau, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ba ka ga wani ɗan yaro a hanya ba?"

Daga nan na tashi na fito. In ta sake tambaya, ki ce mata baƙon nan ya ce ya gan shi a inuwa, yana nan tafe.

Ki shafa min kanta.
Auta.