Tabon da ke Ƙwaƙwalwar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya, sai jikin Baba. Mantuwar tasa ta yi nisa. Jiya ya saka almakashinsa na ɗinki a cikin firji, sannan ya ce ni na sace.

Na kai shi wurin likitan nan abokinka kamar yadda ka ce. Ya nuna min hoton ƙwaƙwalwar Baba, duk tabo-tabo. Wai wani abu ne ke daskarewa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har ya kashe su, kuma akwai sabon maganin gwaji da ake ƙarawa ta jijiya ya wanke shi. Na amince, amma raina bai kwanta ba. Tun da muka shiga, allon kwamfuta yake kallo, bai dubi Baba ba. Kuma na tarar an riga an keɓe masa gado. Yaushe kuka gama maganar?

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya iyali?

Tabon ya ragu sosai. Likita har abokan aikinsa ya kira su gani, suna ta murna. Shi kuwa Baba yana zaune a gefe yana tambayata ko ni ce sabuwar nas. Yanzu ko zare ba ya iya sawa a allura, mutumin da ya ɗinka wa unguwa guda kaya.

Na tsare likita da tambaya. Da ƙyar ya ce ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa, kuma su kansu ba su tabbatar ko tabon kaɗai ke kisan ba. Ya ce ya bayyana maka haka tun farko. To me ya sa ka ɓoye min? Kuma me ya sa kullum hoton kake tambaya, ba ka tambayar ko ya ci abinci? Ruwa ba ya tsami banza, Yaya.

Auta

Yayana,

Da fatan kun tashi lafiya.

Anti ta kira ni tana kuka. Ta ce ka ɓace a hanyar ɗauko yara daga makaranta, kuma an yi maka hoton ƙwaƙwalwa tun bara, an ga tabon. Ashe so kake ka gani ko maganin yana aiki kafin naka lokacin ya zo.

Na dakatar da ƙarin maganin, domin yana sa Baba jiri da ciwon kai. Ban huce ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka zo. Da safe, wani lokaci, yana kiran sunanka. Kada ka tuƙo mota, Anti ta kawo ka.

Taka har kullum,
Auta