Gidan Belleville Tsakanin Doka Biyu

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Tafinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, na rubuto ne in sanar da kai cewa ranar Talatar da ta wuce na tsaya gaban malamai biyar a jami'a, na kare littafin digirina na uku. Sun karɓa, Baba. Batunsa rabon gado ne, yadda yake a dokar Kodebuwa da fiƙihun Malikiyya da kotunan Najeriya.

Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni a ina na fara koyon kwatanta doka da doka. Na ce a tsakar gidanmu a unguwar Treichville ta Abidjan, wurin tafintan kotu. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Ba shi da laifi, bai san ka ba. Bai ga shekarun da ka kwashe tsaye tsakanin alƙali da mutanenmu ba, kana juya Faransanci zuwa Hausa, Hausa zuwa Faransanci, wani lokaci har da yaren Jula in an rasa mai yi. Bai ga tabarmarka bayan la'asar ba: jan kundin dokar ƙasa a dama, littattafan fiƙihu da ka zo da su daga Zazzau a hagu, a tsakiya kuma takardun hukuncin kotunan Najeriya, waɗanda 'yan kasuwar bakin tashar jiragen ruwa suke kawo maka in sun dawo daga gida. Ba ka da takardar shaidar komai. Amma kai ka fara gaya mini yadda kundin nan ya ƙetaro teku daga Faransa, da abin da aka sauya a cikinsa bayan samun 'yanci, da dalilin da ya sa Ingilishi ya bar alƙalai a kan buzayensu a Arewacin Najeriya. Kakan ce, "Uwani, kowace doka amsa ce. Nemo tambayar da aka yi mata tukuna, sannan ki zage ta."

Ina shekara ta biyu a karatun lauya Alhaji Sale ya rasu, dillalin shanun nan mai gida a unguwar Belleville. Ya bar matarsa Hajiya Rakiya da 'ya'ya mata uku, duk sun girma. Babbarsu Binta ƙawata ce, shi ya sa nake gidan ranar da aka kira ka.

Ƙannen mamacin biyu sun zo daga gida Najeriya. Wani ya zuga su a unguwar Adjamé cewa tunda a masallaci aka ɗaura auren, ba a je ofishin magajin gari ba, a dokar ƙasar nan Hajiya ba matarsa ba ce, sai ta tattara kayanta. Sannan a shari'ar Musulunci, tunda babu ɗa namiji, suna da rabo a gidan. Matar da ta yi shekara talatin a ɗaki ɗaya, Baba. Tana zaune a bayan labule tana jin ana maganarta kamar 'yar haya.

Ka bari suka gama tsaf. Ka sha ruwa. Sannan ka ce, "Alhaji, da wace doka kuka zo? In ta ƙasa ce, gaskiyarku, Hajiya ba ta da komai. Amma ku ma ba ku da ko bulo ɗaya, domin a nan in akwai 'ya'ya, maza ne ko mata, ɗan'uwa ba ya gado. In ta Musulunci ce, kuna da rabo, amma sai an fitar wa Hajiya tumuninta, an ba yaran nan kashi biyu cikin uku. Ku zaɓi ɗaya. Ba zan yanko muku rabin wannan in ɗinka da rabin waccan ba."

Babban nasu ya cire hula ya mayar. Ni kuwa zuciyata har tsalle take, na ce shi ke nan, Baba ya gama da su.

Sai ka nemi izini ka shiga wurin matan. Ka gaya musu, ba ka rage komai ba, cewa gida yana bin dokar ƙasar da yake tsaye a kanta, kuma in suka je kotu, gidan duka na 'yan matan ne. Ka maimaita da Faransanci saboda ƙaramarsu, wadda Hausarta ba ta nuna ba. Hajiya ta ce, "Malam, da Fatiha aka ɗaura mini aure. Abin da Allah Ya yanka mini shi nake so, ko da cokali ne." Binta tana kuka ta ce su ma ba za su ci rabon baffanninsu ba, sannan su ɗaga hannu su yi wa ubansu addu'a.

Kwana uku ka yi kana zirga-zirga kafin ka haɗa abin da doka biyun za su yarda da shi. A takarda 'yan matan suka gaji komai, kamar yadda kundin ya ce. Sannan a gaban notar, mai hatimin gwamnati, suka yi wa uwarsu kyautar tumuninta, suka ba baffanni nasu rabon daga shanun da ke garke. Gida ya zauna, Hajiya ta zauna a cikinsa.

Ni ban ga haka ba a lokacin. A cikin mota muna dawowa na ce ka cuci Binta, ka bar mata uku sun yi asarar abin da kotu za ta ba su a ruwan sanyi. Ka ce su suka zaɓa. Sai na juya harshe zuwa Faransanci, da gangan, don duk motar ta ji, na ce, "Ai kai tafinta ne kawai, ba lauya ba."

Muka sauka daga motar. A bakin ƙofar gida ka ce, "Gaskiya ne, Uwani, tafinta ne ni. Aikina in tabbatar kowa ya ji abin da aka ce kafin ya sa hannu." Ka shiga ka yi alwala. Ba ka sake ɗaga maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni.

Na je Kano saboda binciken nan, na zauna cikin ƙurar tsofaffin littattafan alƙalai. Na je Faransa na karanta manyan masana. Ba zan ɓoye maka ba, har yau ban tabbata abin da zan ce wa Binta ba da ni ta tambaya. Wataƙila da na tura ta kotu. Amma na ga lauyoyi masu manyan riguna suna nuna wa mutum dokar da suke so, su zauna a kan ɗayar. Kai ka shimfiɗa duka biyun a gaban mace mai takaba, ka ja da baya, ka bar ta ta zama mai hukunci a kan rayuwarta. Ban sami wanda ya fi ka iya wannan ba.

Sai da ciwo ya kwantar da kai na iya buɗe baki. Ranar nan da hantsi a asibiti, Inna ta fita nemo ruwan zafi, na riƙe hannunka na ce, Baba, maganar nan ta cikin mota, ka yafe mini. Ka buɗe ido ka dube ni, ka yi murmushin nan naka na gefen baki. Ka ce, "Lauya, a duk dokokin da na sani, in mai haƙƙi bai kai ƙara ba, babu shari'a. Ni kuwa ban kai ba. Gyara mini matashi."

Na gyara maka, Baba. Na fita baranda na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka. Ranar da za a tsayar da kai a gaban Alƙalin da ba Ya bukatar tafinta, Allah Ya sa a yi maka hisabi mai sauƙi, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ya haɗa mu a Aljannar Firdausi, mu da Inna da duk musulmi. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Uwani
Treichville, Abidjan